Kawun Bakin Iyaka

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fatan za ki buɗe takardar nan kin riga kin sauka lafiya, kin ci abinci, an ba ki ɗaki mai ƙofar da ke rufuwa. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Amin.

Na sa ta cikin jakarki ne, ƙarƙashin ƙullin yajin da Innarki ta daka miki. Na san za ki ce ga waya, mi ya kawo takarda. To ai na san halinki a waya. Tun ban kai tsakiyar magana ba sai in ji "Baba, na gane." Takarda kuwa ba a katse ta.

Kin samu aikin da kike so. Za ki tafi gabas mai nisa, ki zauna da mutanen da rikici ya kora daga gidajensu, ki ji bayaninsu ki rubuta, don a san wanda ke bukatar kariya da wanda za a mayar wa danginsa. Na yi murna, wallahi na yi murna, har Innarki ta ce in rage faɗa wa duk wanda ya shigo shago sayen yadi. Kin karanta doka, kin san haƙƙin ɗan Adam babi-babi, ni kuwa ban wuce firamare ba. Ba zan koya miki aikinki ba. Sai dai can inda za ki, ba ki jin Barbarci, ba ki jin Larabcin Shuwa, dole a ba ki tafinta. Ni kuma na yi tafinta shekaru da dama a bakin iyakar nan, na san irin ɓarnar da tafinta ke yi yana murmushi. Akwai wadda na yi da kaina, ban taɓa ba ki labarinta ba.

Kin san na girma tsakanin Illela da Ƙonni, kakanki yana aike na can wajen abokan cinikinsa, har Faransanci ya zauna a bakina. Saboda haka duk lokacin da anka tare mutane a ƙetare anka dawo da su bakin iyaka, in akwai baƙon da ba ya jin Hausa, ni ake kira. Ba albashi gare ni ba, sunan dai nike so. Malam Bello Tafinta. In na ji an kira ni haka cikin kasuwa, har tafiyata canzawa take.

Lokacin kina aji uku na firamare, wata ranar Litinin da hantsi anka aiko in zo. An tare wata mota a hanyar arewa cike da mata, ba takardu, an ce aikatau za a kai su can bayan hamada. An dawo da su an zaunar ƙarƙashin rumfa. Akwai wata ma'aikaciyar agaji, baƙuwa ce daga wata ƙasa ta yamma, Faransanci kawai take ji. Madam muke ce mata. Aikinta shi ne irin naki na yanzu: ta tambayi kowace mace, wadda ke da dangi a kusa a miƙa ta gare su, wadda ke cikin haɗari a ajiye ta wuri mai tsaro.

Cikinsu akwai wata da zan kira Kulu, ba shi ne sunanta ba. Bazawara ce daga wani ƙauye na wajen Lafani, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Da anka zo kanta, sai ga wani mutum ya matso. Farar shadda, hula mai kyau, carbi a hannu, ƙamshin turare. Ya ba ni hannu, ya kira ni da sunana, ya tambayi jikin kakanki. Ban san shi ba, amma na ji daɗi an san ni. Ya ce ya zo tafiya da ita gida ne.

Madam ta ce in tambaye ta wane ne wannan mutum a gare ta. Na tambaya. Kulu ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Kawu ne."

Na juya wa Madam na ce kawunta ne. Madam mace ce mai bin diddigi, sai ta ce, ta wajen uwa ko ta wajen uba? Nan ne fa, Ummi. Maimakon in juya in tambayi mai maganar, sai na amsa daga kaina. Na ce ai a Hausa kawu ɗan'uwan uwa ne, na uba baffa ake ce masa. Har da ɗan bayani na yi mata, kamar malami a aji, ta rubuta tana gyaɗa kai. Ta ce in tambaya ko ya cutar da ita. Na tambaya, mutumin yana tsaye taku uku daga inda take, yana jan carbinsa. Kulu ta ce, "Ba komi." Na ce wa Madam ta ce ba abin da ya faru. Anka rubuta ɗan'uwan uwa, anka sa hannu, ya tafi da ita. Ni ma na koma shago ina jin na yi aikin lada.

Ki duba abin da na yi. Ban yi ƙarya ba ko guda. Kalmar da ta faɗa na juya, ma'anar da ke cikin littafi na bayar. Amma wane Bahaushe ne bai san cewa mu kowa kawu ne ba? Direba kawu, mai awo kawu, duk namijin da ya girme ka kuma kake jin nauyinsa kawu. Wane Bahaushe ne bai san mutum zai ce ba komi ƙafarsa a karye ba? Na sani sarai. Son in nuna wa baƙuwa na iya ne ya rufe mini ido.

Don haka in tafintanki ya amsa miki tambaya ba tare da ya juya ga mai magana ba, ki tsayar da shi. Da ladabi, don wataƙila ya haife ki, amma ki tsayar da shi. Ki ce, Malam, na gode, a dai tambaye ta. In kin ga ta yi magana mai tsawo shi kuma ya ba ki kalma biyu, ki nemi sauran. In an ce miki yaya ne, ko gwaggo, ko baba, ki tambaya ta ina, ɗaki ɗaya ko unguwa ɗaya. Kuma kada ki yarda ki tambayi mutum ko an cuce shi alhali wanda ya kawo shi yana tsaye a kansa, ko da limami ne. Ki aike shi shan ruwa. In mace ce, ki nemi mace ta juya miki maganar, ko da za ki jira har la'asar.

Washegari da rana ina cin tuwo na ba Innarki labari, ina jiran yabo. Kin san ita 'yar wajen Lafani ce. Da na kwatanta mata ƙauyen da gidan, sai ta ajiye mafici.

Ta ce, "Kawu wane? Uwar yarinyar nan tare munka yi tallan fura. Ita kaɗai iyayenta sunka haifa, ba ta da ɗan'uwa namiji ko na rantsuwa."

Na ce wataƙila na nesa ne.

Ta ce, "Ka tambaye ta?"

Na ce ai ita tac ce kawu.

Ta ce, "Malam, mai kawo muna itace ma Kawu nike ce mishi. Sai ka ba shi ni ya tahi da ni."

Na ture kwanon tuwon. Na gane abin da na yi nan take, tun ba ta rufe baki ba. Ga kuma kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko muni, don na farko wauta ce, wannan kuwa da sanina. Ban tashi na tafi wurin Madam ba. Na yi kwana biyu ina auna yadi ina gaya wa kaina ƙila dai na nesan ne, ƙila tana gida tana shan fura. Gaskiyar magana, kunya nike ji. Ni da anka sani da Faransanci in je in ce wa baƙuwa na kasa juya Hausar uwata? Kwana biyu mutuncina ya fi mini ran 'yar mutane nauyi. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta ɓaci.

Innarki ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta aika ƙauyen anka ce Kulu ba ta koma ba. Ranar Alhamis da safe na ga ta sa hijabi ta ɗauki takalmi. Na ce ina zuwa? Ta ce wurin Madam, za ta yi mata bayani da hannu tunda mai Faransancin gidan ya kurumce. Na ce ta zauna. Na tafi.

Na shirya a wanke ni tas. Madam kuwa ta ja mini kujera, ta buɗe littafinta, ta ce in sake faɗa mata abin da Kulu ta ce, kalma bayan kalma, ban da nawa. Na faɗa, bai kai numfashi biyu ba. Ta dubi ɗan abin da ta rubuta, ta dubi shafi guda da ta cika da bayanina ran Litinin. Sannan ta soma kiran waɗanda ya kamata ta kira a ɓangarorin iyakar biyu.

Ummi, za ki yi kuskure a aikin nan. Ba fata nike miki ba, mutum ce ke, kuma jinina ce, mu ba mu iya cewa ban sani ba. Ranar da kika gane kin yi, ki tashi a wannan sa'a ki faɗa wa na gaba da ke. Kada ki jira ki ga ko zai gyaru da kansa. A shagon yadi in na yanka ba daidai ba, asarar ƙyalle ce. Ke kuwa a naki aikin duk sa'ar da kika ɓoye kuskure, mota tana ƙara nisa da wani. Faɗan ogan aiki na rabin yini ne, za ki ci abinci bayansa.

Ni dai ban iya zama ba. Na rufe shago na ƙetara Ƙonni, don 'yan kamashon tasha duk sun san ni tun ina yaro. Anka ce sun ga mai farar shadda, ta hanyar daji ya ƙetaro da ita a kan babur ran Litinin ɗin, ya nemi motar arewa. Anka ce kuma sun gan shi ran Talata yana zagaya tasha shi kaɗai yana zufa, daga nan ba wanda ya sake ganinsa. Na bi rumfa-rumfa ina tambaya. Bayan azahar, a bayan tasha, wurin wata tsohuwa mai sayar da tuwo, na iske Kulu zaune tana tsince shinkafa. Ta gan ni, ta gane ni, ta ci gaba da tsintar ta. Sai da Madam ta zo da wata mace Bahaushiya sannan ta yarda ta tashi. Anka ajiye ta wuri mai tsaro kwanaki, daga baya anka kai ta gida wurin uwarta da ɗanta.

Da a nan na tsaya da na tsira da kuskure biyu. Amma ubanki ne. Daɗi ya kama ni, kunyar da na ji ta juye ta zama labari. A majalisarmu ta ƙofar shago, ana shan shayi bayan la'asar, na ba da shi. Yadda na rufe shago, yadda na bi tasha, yadda na gano ta. Na faɗi sunanta, na faɗi ƙauyensu, na faɗi sunan marigayi mijinta, don a san ba ƙirƙira nike ba. Maganar kawu ce kawai na tsallake. Kafin kasuwar Lahadi biyu labarin ya isa ƙauyensu ya riga ya yi ƙiba. Matar da ba ta wuce Ƙonni ba, anka ce ta shekara a bayan hamada, anka ce abin da bakina ba zai maimaita wa ɗiyata ba. Mata sunka daina zama kusa da ita a gidan suna. Dangin mijinta sunka fara maganar karɓe yaron. Ala tilas ta kwashe shi ta koma Kalmalo wurin gwaggonta.

Da Innarki ta ji, abu guda ta ce mini. Ta ce, "Wancan ya so ya sayar da ita bai samu ba. Kai ka raba ta kyauta."

To ki riƙe wannan da kyau, don ke ma kina da baki, a wurina kika gado. Abin da mutum ya faɗa miki cikin wahalarsa amana ce. Ba na hira ba ne, ba na waya ba ne, ba ki gaya wa Innarki, ba ki gaya mini ko na roƙe ki. Na ga yadda kuke yi yanzu, a ɗauki hoton mace da ɗanta suna karɓar buhu a watsa wa duniya, a ce an taimaka. Ina jin rediyo kullum, na san ba ƙasarmu kaɗai ba ce: masu nutsewa a teku, waɗanda anka kora don addininsu ko yarensu, naƙasassun da ake mantawa a baya in gari ya watse. Ko'ina akwai mai zalunci, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mai taimako ma yana cutarwa, kuma shi ba a iya kai ƙararsa, don ana jin nauyinsa. Kafin ki ɗauki hoto ki tambaya, ki kuma tambaya ta yadda mutum zai iya cewa a'a ba tare da tsoron a hana shi buhun ba.

Kada wannan ya sa ki ɗauka ubanki yana zaune cikin baƙin ciki. Alhamdulillahi, ina lafiya, ciniki yana tafiya, gwiwa ce kawai ke yi mini gardama. Na ci gaba da tafinta shekaru bayan haka, kuma na gyara. Har anka san ni da cewa Malam Bello ya cika tambaya. Kulu ma Allah ya rufa mata asiri. Ta yi aure a Kalmalo, tana bandar kifi, yaron nan yana hannunta har ya girma, ta ƙara haifar uku. Kifin da kike cewa ba kamarsa, wanda Innarki ke saye duk Lahadi, nata ne. Shekara da shekaru muna gaisawa, ina kwana, ina gajiya, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Da na zauna rubuta miki takardar nan, na kai tsakiya sai na ga ina shirin sake yin abin da na hana ki. Na ajiye biro. Ran Juma'ar da ta wuce na ɗauki Innarki munka tafi Kalmalo. Munka iske ta a bakin murhun banda, ta shimfiɗa muna tabarma a inuwa, ta kawo ruwa. Na ce mata ɗiyata za ta aikin jin bayanin mutane, ina so in ba ta labarin abin da na yi, in ta yarda. In ba ta yarda ba in yaga a gabanta. Na kuma roƙi gafararta, abin da ya kamata in yi tun kina firamare.

Ta ce, "Allah ya gafarta muna duka. Karanta in ji."

Na karanta. A waccan takarda ta farko na rubuta cewa na ƙetara Ƙonni na ceto ta. Da na zo nan ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, mi kac ce? Ceto?" Ta yi 'yar dariya, ba ta ƙeta ba. "Ana lodin mota nac ce mishi zan kama ruwa. Na zagaya baya, na ga tsohuwar nan tana daka ita kaɗai. Na ja gyale na rufe fuska, na karɓi taɓaryar na kama daka awa ɗiyar gida. Ya wuce ta gabanmu sau uku. Tsohuwar ba ta tambaye ni komi ba, tuwo kawai ta zuba mini. Kwana uku ina nan kafin ka zo. Ka iske ni dai, na kuma gode. Gyara wurin."

Na gyara, shi ya sa kika ga na rubuta na iske ta. Shekarun nan duka ina ba kaina labarin da ba haka yake ba.

Da na ga ta saki jiki, sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce, to don Allah, mi ya sa kika ce kawu ne ranar nan? Tsoronsa kika ji?

Ta juya kifi a kan wayar banda, ta ce, "Tsoro akwai. Amma ba shi ba ne. Ni ban san sunanai ba, Malam. A kasuwa wata ta haɗa mu, kwana huɗu kafin nan. Mi zan kira shi? Na zaci za ka ce mini Kawu wa. Ina ta jira ka tambaya, sai na ji kana ta Faransanci."

Innarki ba ta dube ni ba, Allah ya saka mata. Munka sayi kifi munka dawo. Kulu ta ce in gaishe ki, ta ce in gaya miki in mutum ya yi shiru kada ki yi saurin rubutawa.

Ummi, uwata ta kaina, abin da nike da shi ke nan. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko aiki ya yi yawa, ki kira Innarki ran Juma'a don ba za ta ce tana kewarki ba, ni za ta hana sukuni. Ƙannenki suna gaishe ki, mutanen shago ma haka. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa waɗanda za su zauna a gabanki su tashi da sauƙin da ba su zo da shi ba, ya dawo muna da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam. Ni ne ubanki,
Bello, Illela.